Faramita 58 da babu mai taɓa su: a cire ko a ƙyale?

Aminu Kalgo: Assalamu alaikum manyana. Shawara nake nema, don tun shekaranjiya abin nan ke ci mini rai. Wata bakwai ke nan da na kama aiki a wani kamfani da ke sayen shanshera a hannun manoma, tun daga Argungu da Augie har Suru da Bagudo. Lissafin awo da biyan kuɗi duk yana cikin rumbun bayanai na PostgreSQL, kuma mafi yawan aikin a cikin rumbun kansa aka rubuta shi da PL/pgSQL, yaren rubuta kod na PostgreSQL. Tun 2016 aka fara gina shi, hannu ya fi goma da ya bi ta kansa. Makon jiya na ɗora `plpgsql_check`, manhajar da ke binciko kurakurai a irin wannan kod, a kan kwafin gwaji, sai ya fito mini da faramita 58 (wato bayanai) waɗanda ake miƙa wa fankishin (guntun kod mai yin aiki ɗaya) amma ko sau ɗaya ba a ambace su a cikinsa ba. Kwana biyu na yi ina cire su, na haɗa gyare-gyaren a faci guda na kai wa ogana. Bai yi minti biyar yana dubawa ba ya ce in ajiye, abin da ke aiki ba a taɓa shi. Ni kuma gani nake shara ce aka bari a tsakar gida. Don Allah a faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Bashar Zuru: Wa alaikumus salam. Ni ina bayanka, Aminu. Wannan magana ta "kada a taɓa" ita ce ta mayar da kod ɗinmu da yawa kango. Kowa ya zo ya ɗora nasa, babu mai share na wani, har a kai ranar da sabon ma'aikaci zai yi wata guda bai gane inda kuɗi ke shiga da inda suke fita ba. Na'ura ta ce ba a amfani da su, ido ya tabbatar. A cire.

Hajiya Rabi: Aminu, kafin mu kai ga wa ke da gaskiya, yaya ka cire su? Da `CREATE OR REPLACE FUNCTION` ko kuwa ka goge tsohon tukuna?

Dalilin tambayar shi ne, a wurin PostgreSQL ba suna kaɗai ke bambanta fankishin ba. Suna ne haɗe da jerin nau'in abin da yake karɓa. Idan kana da mai karɓar abu biyar ka sake rubuta shi da huɗu ta hanyar `CREATE OR REPLACE`, ba ka sauya komai ba, sabo ka ƙirƙira kusa da tsohon. Tsohon yana nan daram, masu kiransa da biyar suna ci gaba da kiransa. Bayan wata shida wani zai gyara lissafi a cikin sabon, ya tafi gida da tunanin ya gama, alhali rabin kira na tafiya ga tsohon da ba a gyara ba. Na ga wannan da idona a wani wurin da na yi aiki, sai da muka yi kwana uku muna neman dalilin da ya sa rahoto biyu suka ƙi daidaita.

Aminu Kalgo: Na lura da wannan, Hajiya. `DROP FUNCTION` na yi sannan na sake ƙirƙira, duk a cikin `BEGIN` da `COMMIT` ɗaya. Kuma ko ɗaya bai yi ƙorafi ba lokacin gogewa, ban ma buƙaci `CASCADE`, mai goge abu tare da duk abin da ya dogara da shi, ba. Shi ya sa na ɗauka babu abin da ya dogara da su.

Hajiya Rabi: Madalla da ka sa su cikin `BEGIN` ɗaya. Amma shirun da ya yi maka ba shaida ba ne, ƙanena. PostgreSQL yana riƙe da rajistar abin da ya dogara da wani a `pg_depend`, shi ya sa idan `VIEW` ko `TRIGGER` na amfani da fankishin zai hana ka gogewa. To amma jikin fankishin na PL/pgSQL a wurinsa rubutu ne kawai da ya ajiye. Bai san wa ake kira a ciki ba sai ranar da aka zo gudanar da wannan layin. Sai a siga ta 14, wadda ta fito a 2021, aka kawo `BEGIN ATOMIC` da ke bin diddigin dogaro, shi ma na fankishin ɗin SQL zalla ne, bai shafi naku ba. Ke nan za ka iya goge abin da fankishin goma ke kira, ya ce maka to, sai ranar biyan manoma saƙon `function does not exist` ya bayyana a gaban akanta.

Na biyu, izini. Duk `GRANT` da ke kan tsohon yana tafiya tare da shi idan ka goge. Sabon kuma yana zuwa ne a buɗe, kowa na da ikon kiransa sai an janye. Idan da can ma'aikatan kuɗi kaɗai ke iya kiran fankishin ɗin biya, bayan facinka har mai awo zai iya. Ka duba wannan a facin naka?

Aminu Kalgo: Masu kira na cikin rumbun na bi su ɗaya bayan ɗaya na gyara. Izini kam ban duba ba.

Nafisa Argungu: Na cikin rumbu ka bi. Na cikin jakar wakilai fa? Yaya Aminu, ni manhajar waya nake rubutawa, kuma irin kamfaninku na san yadda suke aiki. Wakilan da ke saye a cibiyoyin karkara suna riƙe da tabulet ko waya, su yi awo ba intanet, sai sun hau tudu ko sun shigo gari su tura. Waɗannan na'urori ba a sabunta su yadda kake zato. Akwai wanda tun ranar da aka miƙa masa bai sake saukar da sabuwar siga ba, saboda data, ko saboda tsoron kada abin ya rikice masa a tsakiyar kaka. Ita tsohuwar manhajar ba ta san ka yi shara ba. Abu biyar ta saba turawa, biyar za ta tura. Ranar da ta tarar fankishin ɗin huɗu yake karɓa, awon buhu ɗari biyu zai maƙale a wayar wani a bakin fadama, manoma na tsaye suna jiran takardar shaidar kuɗinsu. Shi wakilin ba zai ga bayanin kuskuren ba ma, abin da zai gani kawai turawa ta ƙi. Ka san siga nawa na manhajarku ke yawo a waje yanzu?

Aminu Kalgo: Gaskiya ban sani ba. Zan tambaya.

Malam Umaru Jega: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kunka rubuta. Aminu, Allah shi yi ma albarka, don yaron da ad duba kod har shi ƙirga abin da ba a aiki da shi, wanga yaro shina son aikinai. Amma ogan naka ba wauta yay yi ba, bayani na bai yi ma ba.

Bari in ba ka labari. Shekarun baya muna riƙe da rumbun wata ƙungiyar 'yan kasuwar albasa. Akwai wani faramita, lambar ma'aji, da munka ga babu inda aka amfani da shi. Munka cire, munka gwada, komi lahiya lau. Ashe akwai wani ɗan rubutun da wani ya aje cikin saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun, tun kahin mu zo, shina tashi da kainai daren ƙarshen wata shi haɗa rahoton kuɗi. Ba shi cikin Git, ma'ajin tarihin kod, ba shi cikin takardun da anka miƙa muna, babu wanda yas san da shi. Wata ukku rahoto bai hita ba, kuma ba mu sani ba sai da shuwagabannin ƙungiya sunka kira taro suna tambayar ina lissahi. Kunyar da nij ji ran nan har yau ban mance ta ba. Tun daga nan, in an ce mini "ba a amfani da shi", sai in tambaya: wa ab ba ya amfani da shi? Na ciki ko na waje? Na'urarka ta gaya ma na ciki bai taɓa shi ba. Ba ta gaya ma wa ka miƙo shi daga waje ba.

Bashar Zuru: Malam, ranka ya daɗe, na yarda da labarin, amma ku dubi ɗaya gefen. Faramitan da ba ya aiki ƙarya yake yi wa mai karatu. Idan na ga fankishin yana karɓar `ranar_awo`, zan ɗauka kwanan watan da na ba shi ne zai shiga rajista. Idan kuwa a ciki `now()` yake amfani da shi, ya watsar da nawa, to an yaudare ni, kuma zan gina wani abu a kan yaudarar. Sannan akwai wahalar banza. Sau da yawa mai kira sai ya yi `SELECT` guda, wani lokaci har da haɗa tebur biyu, don kawai ya samo abin da zai miƙa, a karɓa a zubar. In ka cire faramitan, wannan `SELECT` ɗin ma ya zama ba shi da amfani, ka cire shi, sai ka ga wanda ke sama da shi ma yana da faramitan da don wannan kaɗai yake karɓa. Kamar jan zaren buhu ne. Barinsu ma yana da farashi, bambancin kawai ba rana ɗaya ake biya ba.

Injiniya Sani: Bashar ya faɗi gaskiya, Malam Umaru ma ya faɗi gaskiya, kuma wannan gardama ta girmi dukkanmu a wannan sana'a. Ku ɗauki PostgreSQL ɗin kansa. Asalinsa aikin POSTGRES ne da Michael Stonebraker ya fara a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, aka sa masa SQL a 1995, ya koma PostgreSQL a 1996. Da yaren C aka rubuta shi. In ka kunna `-Wunused-parameter` a GCC ko Clang, manhajojin harhaɗa kod ɗin C, ka harhaɗa shi, gargaɗi zai cika maka allo. Ba don masu kula da shi ragwaye ne ba.

Wasu faramitocin ba su da yadda za a yi da su. Fankishin ɗin da ke amsa siginar tsarin aiki dole ya karɓi lambar siginar, ko yana buƙatarta ko ba ya buƙata, domin tsarin ne ya tsara fuskarsa. Haka duk fankishin ɗin C da ake kira daga SQL, fuska ɗaya suke da ita, `PG_FUNCTION_ARGS`. Shi kansa `now()` da Bashar ya ambata yana karɓar wannan, kuma ba ya duba abin da ke ciki. Wasu kuma ana amfani da su ne kawai idan an harhaɗa da binciken `Assert`, ko a kan Windows kaɗai. A kwamfutarka sun mutu, a ta wani suna raye. Don irin waɗannan ne ake sa alama maimakon cirewa: a rubuta `(void) x;`, ko `pg_attribute_unused()` a PostgreSQL, ko `[[maybe_unused]]` da ya shigo C++17 da C23. SQLite, ƙaramin rumbun bayanai wanda ke cikin kowace wayar Android da ke hannunmu, yana da nasa, `UNUSED_PARAMETER`. Ma'anar alamar ita ce: na sani, da gangan na bari.

Sai waɗanda da gaske tarkace ne. Su ma ba a share su da tsintsiya ɗaya. PostgreSQL na fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, kuma kowace ana kula da ita shekara biyar. Ke nan idan aka gyara matsala yau, sau da yawa sai an kai gyaran rassa biyar na baya. Duk fankishin ɗin da aka sauya wa fuska a sabon reshe, facin da ya ratsa ta kansa ba zai zauna a tsofaffin ba sai an gyara da hannu, kuma a gyaran hannu ake yin kuskure. Ga kuma masu ƙarin manhaja irin su PostGIS da ke kiran fankishin ɗin ciki. In ka cire faramita ɗaya, kod ɗinsu ya ƙi harhaɗuwa, sai sun sa sharaɗin siga. Shi ya sa ba a sauya fuskar fankishin a ƙananan sabuntawa da ake fitarwa duk wata uku, sai a babbar siga, kuma ana auna ko ribar ta kai wahalar.

Ku kamfaninku ba ku da PostGIS a bayanku, amma kuna da tabulet ɗin da Nafisa ta faɗa. Su ne naku masu dogaro.

Lawali Gusau: Ku gode wa Allah da PostgreSQL kuke. Mu nan MySQL muke riƙe da shi, babu damar suna ɗaya ya ɗauki fuska biyu, babu kuma faramita mai ƙimar da ke shiga da kanta. In adadin bai daidaita ba, kuskure mai lamba 1318 ne kai tsaye. Dole ka ƙirƙiro sabon suna, ka bar tsohon har sai kowa ya ƙaura. Muna da wani da aka sa wa `_sabo` a ƙarshen sunansa shekara shida da suka wuce, yanzu shi ne mafi tsufa a cikin masu aiki.

Bashar Zuru: Injiniya, batun rassa na gane, amma su Aminu reshe ɗaya suke da shi. Idan kuma tsoron ɓata `git blame` ne, mai nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, tun Git 2.23 a 2019 akwai `--ignore-rev` da za ka ce masa ya tsallake wani kwamit, wato sauyi guda da aka ajiye a tarihin kod.

Injiniya Sani: Haka ne, reshe ɗaya ya rage musu nauyi sosai, kuma shi ya sa ban ce a ƙyale su ba. Amma `--ignore-rev` an yi shi ne don kwamit ɗin da ya gyara tsarin rubutu kawai, bai taɓa ma'ana ba. Sauya fuskar fankishin sauya alkawari ne. Wannan ina son in gan shi a tarihi, kowane da kwamit ɗinsa da dalilinsa. Babban aibin facin Aminu a wurina shi ne girmansa. Sauyi 58 a dunƙule babu mai iya duba shi da gaske, kuma in ɗaya ya fasa wani abu, sai an janye duka.

Aminu Kalgo: Na gode ƙwarai. Na zauna bayan la'asar na rarraba su. Guda 31 na fankishin ɗin da sauran fankishin na cikin rumbu kaɗai ke kira, manhaja ba ta da izinin taɓa su. Guda 19 kuma duk abu ɗaya ne, `lambar_banki` da `lambar_rance`. Da na tambayi wani tsohon ma'aikaci ya ce tun lokacin shirin Anchor Borrowers ne, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a nan Kebbi a Nuwamban 2015. A lokacin ana cire bashin manomi daga kuɗin shansherarsa, sai aka bi duk fankishin ɗin biya aka sa su. Da kamfanin ya daina wannan tsarin aka cire lissafin, aka bar faramitocin. Su manhaja ke turo su. Ragowar 8 ban gane tarihinsu ba tukuna.

Hajiya Rabi: Yanzu ka zo da abin da oga zai iya saurara. Guda 31 ɗin nan cire su, amma kaɗan-kaɗan, kowane rukuni da facinsa, ka mayar da izini yadda yake, ka sake gudanar da `plpgsql_check` a kan dukkan rumbun bayan kowanne, don shi zai nuna maka kiran da ya karye. Ka kuma bincika kalmar `EXECUTE`, saboda kiran da ake haɗawa da rubutu lokacin aiki yakan ɓuya wa na'ura. Ka duba `crontab` na saba, jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu, saboda labarin Malam.

Guda 19 kuma kada ka goge tsohon. Rubuta sabon mai tsabta, ka mayar da tsohon ɗan aike: ya karɓi biyar ɗinsa, ya ajiye na banki, ya miƙa huɗu ga sabon. Lissafi ya zauna wuri ɗaya, tsofaffin tabulet su ci gaba da aiki. Amma akwai rami a nan. Idan faramitan ƙarshe na tsohon yana da `DEFAULT`, to kira da huɗu ya dace da tsohon ya kuma dace da sabon, PostgreSQL zai ce `function is not unique` ya ƙi duka biyun. Kuma `CREATE OR REPLACE` ba ya yarda ka cire `DEFAULT` daga fankishin da ke nan, sai ka goge ka sake ƙirƙira. Ko dai ka yi haka, ko ka ba sabon wani suna kamar yadda su Lawali ke yi.

Sannan ka ƙirga masu zuwa wurin ɗan aiken. Ka sa `track_functions`, saitin ƙidayar kiran fankishin, a kan `pl`, don a kashe yake zuwa, sai ka riƙa duba `pg_stat_user_functions`. Ka rubuta ɗan aiken da PL/pgSQL, saboda ƙaramin fankishin ɗin SQL yakan narke cikin tambayar da ta kira shi, ba ya shiga ƙidaya. In kana son sanin wace cibiya ce, ɗan aiken ya rubuta lambar cibiya da kwanan wata a wani ɗan tebur. Ranar da ƙidaya ta tsaya, ka goge da hujja a hannu.

Malam Umaru Jega: Hajiya ta gama magana. Abu guda zan ƙara. Kada ka ga sati biyu babu kira ka ce ya mutu. Aikinku na kaka na. Akwai cibiyar da ba ta buɗewa sai an yanke ta damana, akwai wadda sai shinkahwar rani ta nuna. Tabulet shina kwance cikin akwati wata biyar, ran da anka hiddo shi za shi kira abin da yas saba kira. Ka bari damana ta wuce, rani shi wuce, shekara guda cur, sannan ka goge.

Bashar Zuru: Shekara guda don goge faramita biyu, Malam? Ni a ganina a tilasta wa kowa sabunta manhaja cikin wata ɗaya, a huta.

Nafisa Argungu: Tilastawa tana da sauƙi daga ofis, Yaya Bashar. In ka toshe tsohuwar siga alhali akwai awon da ba a turo ba a cikinta, ka toshe kuɗin manomi ne. Sai dai a bi su cibiya-cibiya, a tabbatar sun turo komai, sannan a sabunta.

Kuma Yaya Aminu, akwai wanda ya fi `does not exist` haɗari, wato kiran da ya yi nasara bisa kuskure. A ce tsohon yana karɓar manomi, banki, cibiya, duka lambobi. Ka cire banki, bayan wata biyu wani ya ƙara direba a ƙarshe. Fuskar ta koma lambobi uku kamar da. Tsohuwar manhaja za ta turo nata, lambar banki ta faɗa gurbin cibiya, lambar cibiya ta faɗa gurbin direba, babu kuskuren da zai fito. A sabuwar manhaja ku riƙa kira da suna, `cibiya => 12`, ba da jeri ba. Tun siga ta 9.5 ake da wannan alamar.

Aminu Kalgo: Jama'a, na dawo, kuma hankalina bai kwanta ba. Na bi ragowar 8 ɗin da `git log -S` kamar yadda Injiniya ya nuna mini ta waya. Bakwai ba wani abu ba ne. Na takwas shi ne `danshi` a cikin fankishin ɗin da ke lissafa kuɗin manomi. Da can akwai layin da ke rage nauyi idan danshin shanshera ya haura kashi 14 cikin 100, saboda jiƙaƙƙiya ta fi nauyi kuma in ta bushe za ta ragu. A 2020 wani kwamit ya cire layin, bayaninsa kalma biyu ne kawai, "gyaran lissafi". Na duba kod ɗin manhaja, na ga a makon da aka yi wannan kwamit ɗin ne aka mayar da ragin can: sabuwar siga tana ragewa a kan tabulet, ta turo nauyin da aka riga aka tace. To amma tsohuwar siga ɗanyen nauyi take turowa tare da danshi, tana jiran rumbu ya rage. Rumbu kuma ya daina. Na duba bayanan kakar bara, cibiya biyu har yanzu da tsohuwar suke aiki. Ke nan a waɗannan biyun ba a rage komai, a sauran ana ragewa. Da facina ya shiga, da na goge alama ɗaya tilo da ta rage ta wannan matsalar.

Injiniya Sani: Wannan ba tarkace ba ne, Aminu, ciwo ne da ba a gano ba. Kada ka mayar da layin da kanka. In ka mayar a rumbu ba tare da bambance siga ba, manoman sauran cibiyoyin za a rage musu sau biyu, wanda ya fi na yanzu muni nesa ba kusa ba. Ka rubuta abin da ka gani, da lambar kwamit ɗin da sunayen cibiyoyin biyu, ka kai wa oga da akanta tare. Hukuncin nasu ne.

Bashar Zuru: To kun gani. Da an bi "kada a taɓa", da shekara nawa za a ƙara ba a sani ba? Binciken Aminu ne ya tono shi.

Hajiya Rabi: Binciken ne ya tono shi, Bashar, ba facin ba. A kan binciken ban taɓa saɓa maka ba. Ni da za a bi tawa, `plpgsql_check` zai riƙa gudana a kan kowane sabon faci, don faramita ya daina mutuwa ba a sani ba. Da an yi haka a 2020, a ranar gargaɗin zai fito, wanda ya cire layin ya tuna da tsofaffin tabulet.

Malam Umaru Jega: Aminu, in kun zauna da oga, ka hwaɗa mai wagga magana daga bakina in kana so. Manoman cibiyoyin nan biyu ba su ci haƙƙin kowa ba, abin da anka auna anka ba su shi sunka amsa. Kada a bi su bashin baya. Kuma in za a hwara rage musu danshi, a tara su a gaya musu tun kahin su kawo kaya, a gwada musu na'urar awon danshi su gani da idonsu. Mutum ya saba buhunai na ba shi kaza, ran guda shi ga ya ragu babu bayani, cewa za shi yi an cuce shi, kuma wakilin da ke gabanai shi za shi sha zagi.

Aminu Kalgo: In sha Allahu zan faɗa, Malam. Na samu oga bayan sallar isha'i na nuna masa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya kira akanta, mun sa zama gobe ƙarfe 10. Guda 31 ya amince in fara, biyar-biyar, shi zai riƙa dubawa. Na banki ya ce a yi ɗan aiken, amma `track_functions` sai ya gwada a kwafin gwaji tukuna. Ranar Asabar kuma zan bi motar kamfani zuwa cibiyoyin biyu in ga tabulet ɗin da idona. Nafisa, in tabulet yana da awon da bai turo ba kuma na ɗora sabuwar siga a kai, bayanan za su tsira?

Nafisa Argungu: In sa hannun manhajar iri ɗaya ne kuma ka ɗora a kan tsohuwar ba tare da ka cire ta ba, fayil ɗin SQLite na ciki yana nan. Amma kada ka dogara da haka, don ban san ko an sauya tsarin teburan tsakanin sigogin biyu ba. Ka sa wakilin ya tura komai tukuna, ka kira ofis su tabbatar adadin ya iso, sannan ka sabunta. Ka tafi da fayil ɗin manhajar a wayarka da layi biyu daban-daban, don wajen fadama sabis ba shi da tabbas. Ka turo mini lambar sigar da ka tarar.